Kwana Biyu a Santambul Kafin Shiga Jirgin Ruwa: Riba ce ko Ɓarnar Dukiya?

   

Ƴan'uwa masu karatu, a ƴan shekarun nan wata irin tafiya ta fara shiga zancen gidajenmu, wadda kakanninmu ba su san ta ba. Su abin da suka sani, mutum yakan bar gida ne don aikin Hajji, ko fatauci, ko neman ilimi, ko sada zumunta. Yanzu kuwa ga tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa, wadda masu Faransanci ke ce wa croisière. Ƙaton jirgi ne mai hawa goma ko fiye, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, ya ɗebi mutum dubu biyu ko uku ya yi ta zagaya teku da su har mako guda, dare a kan ruwa, safiya a bakin wani gari. Ba kowa ke da halin wannan ba, gaskiya ne. Amma akwai ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, akwai ma'aikacin da ya daɗe yana tari, akwai kuma ƴaƴan da ke aiki a ƙetare masu son su hutar da tsoho da tsohuwa ko da sau ɗaya ne.

Jiragen nan ba daga ƙauye suke tashi ba. Daga manyan birane suke tashi, irin su Barsalona da Dubai da Santambul, kuma duk biranen nan tsada gare su. Saboda haka duk maigidan da ya kai ga sayen tikiti, tambaya guda ke tare shi: ya sauka ranar da jirgin zai tashi, ya wuce kai tsaye daga filin jirgin sama zuwa bakin ruwa, ko kuwa ya riga jirgin zuwa da kwana biyu ko uku, ya biya otel da abinci don iyali su ga birnin? Zan ɗauki Santambul, wato Istanbul ta ƙasar Turkiyya, domin ita na taka da ƙafata, kuma ita ce ta fi kusa da mu ta wajen hanya: jirgin saman Turkiyya yana sauka Yamai da Injamena da Duwala da Yawunde, daga Yamai kuma tafiyar ba ta wuce kamar awa shida ba. Amsata ita ce a je da wuri, a kwana biyu. Sai dai akwai sharaɗi, akwai kuma waɗanda ban ba su wannan shawara ba.

Mu fara da abin da bai shafi buɗe ido ba ma. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce. A tashar Maraɗi ko Damagaram in fasinja ya tafi alwala, direba yakan yi ta buga ham yana faɗa, amma zai jira. Wannan kuwa lokacinsa a rubuce yake, ana rufe ƙofar shiga tun awa ɗaya ko biyu kafin a kwance igiya, kuma wanda ya makara kuɗinsa sun tafi tare da jirgin. In yana so ya cim masa a gari na gaba, da aljihunsa zai yi. To, ka dubi hanyarmu. Lokacin waɗannan jirage a tekun Bahar Rum yakan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, wato ya haɗa da daminarmu, sa'ad da hadari guda kan tsayar da jirgin sama awanni. Kuma daga garuruwanmu in ka rasa jirgin yau, sai na gobe ko na jibi. In ka sauka lafiya, sabon filin jirgin Santambul, wanda aka buɗe a ƙarshen 2018, yana nesa da tsohon gari da kimanin kilomita 40, ga layin duba fasfo, ga cunkoson motoci na birni mai mutum sama da miliyan 15, fiye da rabin al'ummar Nijar baki ɗaya. Ga kuma akwatin da kan yi nawa a hanya ya biyo jirgi na gaba. Wanda ke otel za a kawo masa nasa. Wanda ke tsakiyar teku sai ya yi mako da riga ɗaya. Don haka kwanan farko ni ban ma lissafa shi cikin yawo ba. Katanga ce da ake yi wa kuɗin da aka riga aka zuba. Gardamar a kan kwana na biyu take, da na uku ga mai so.

Masu cewa kada a tsaya suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Santambul da ƴan kasuwarmu suka sani shekaru goma da suka wuce, wadda ake yabo da araha, ta canja. Kuɗinsu, Lira, ya faɗi, farashi ya yi ta hawa, har hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce hauhawar ta wuce kashi 85 cikin 100 a watan Oktoban 2022, ta sake kai wa kashi 75 a watan Mayun 2024. Mutum zai zaci faɗuwar Lira riba ce ga baƙo, amma masu otel da gidajen abinci na unguwannin baƙi sun daɗe da koyon lissafi da Yuro. Wuraren tarihi ma sun bi sahu. Tun daga Janairun 2024, baƙon da ke son hawa benen Aya Sofiya don kallo yana biyan Yuro 25, wato jika 16 da ƴan kai na sefa. In manya huɗu ne, Yuro 100 ke nan, sama da jika 65, a ƙofa ɗaya, kafin a sha ko ruwa. Fadar Topkapi ta fi haka tsada. Ka haɗa da ɗaki biyu na otel, da tasi, da abincin rana a dandalin Sultan Ahmad, inda wani mai gidan abinci ba ya rubuta farashi sai an gama ci. Maigida ya duba ya ga kwana biyun sun cinye abin da zai riƙe gidansa wata guda ko fiye, alhali a cikin jirgi an riga an biya ci da kwana. In ya ce almubazzaranci ne, ba zan ce ya yi wauta ba.

Inda na saɓa da shi shi ne, ya yi lissafin birnin da ake sayar wa baƙi ne. Akwai wani birnin a cikinsa wanda ba a sa masa kuɗin ƙofa ba, kuma shi ne ya fi dacewa da gidan Musulmi. Manyan masallatan da sarakunan Usmaniyya suka gina duk kyauta ake shiga. Ita kanta Aya Sofiya, mai zuwa salla a lokacin salla ba ya biya. Abin da suke nema a wurinka lokaci ne da ƙafa, da tashi da asuba, abin da jirgin ruwa ba zai taɓa ba ka ba. Domin ko da jirginka ya biyo ta wani gari mai daraja, da hantsi zai sauke ka, a zuba ku cikin mota kamar buhunan gero, mai jagora ya ɗaga tuta yana ƙirga kawuna, kafin la'asar an mayar da ku. An ga gari, amma ba a yi salla biyu a jere a cikinsa ba.

Ni a ganina ranar ta fara daga Ayyub, unguwar da Turkawa ke kira Eyub Sultan, a ƙarshen mashigin ruwan da suke ce wa Halic, wato Halij na Larabci. Nan ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sauka a gidansa sa'ad da ya isa Madina, ya zauna watanni har aka gama gina masallaci da ɗakuna. Da tsufansa ya fita tare da rundunar da ta nufi Ƙusɗanɗiniyya a zamanin Mu'awiya, ya rasu a can, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Kusan shekara 800 bayan haka, a 1453, Sarki Muhammadu Fatih ya ci birnin yana ɗan shekara 21, kuma masu tarihinsu sun ruwaito cewa malaminsa Aƙ Shamsuddin ne ya nuna wurin kabarin. Aka gina masallaci a 1458, aka sake gina shi a 1800, kuma a nan aka riƙa ɗaura wa sabon sarki takobi, wanda shi ne naɗin sarautarsu. Ka je da asuba, ko da za ka biya tasi. Za ka tarar da tsofaffi da ƴan huluna suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, da tantabaru a tsakar gida ƙarƙashin wata tsohuwar itaciya, da liman yana jan karatu a hankali. Yaron da ya karanta labarin Hijira a makarantar Islamiyya, ka tsayar da shi a nan ka ce masa ga mai masaukin Annabi, ba na jin zai manta har ya tsufa. Za ka ga wasu suna shafar ƙarfen taga suna roƙo; kai dai ka yi sallama, ka yi masa addu'a, ka wuce, ba wurin wa'azi ba ne ga baƙon da bai iya harshen gari ba.

Da hantsi sai Sulaimaniyya. Baƙi sun fi tururuwa zuwa masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara a 1609, kuma ya cancanci gani. Amma in ɗaya za a zaɓa, ni Sulaimaniyya zan zaɓa. Magini Sinan ne ya gina wa Sarki Sulaimanu shi tsakanin 1550 da 1557, a kan tudu, ƙubbarsa ta kai tsayin mita 53. Ciki fili ne fetal, haske na shigowa ta ko'ina, muryar mai karatu tana kai wa kowane lungu. An ce Sinan ya tsara iskar ginin ta yadda hayaƙin fitilu zai taru a wani ɗaki bisa ƙofa, a kankare shi a yi tawada. Duk wanda ya taɓa dafa tawadar allo da baƙin tukunya da ƙaro zai ji daɗin wannan labari. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba ƙubbar ba ce, gine-ginen da ke kewaye da ita ne. Makarantu, da asibiti, da ɗakin dafa wa talakawa abinci, da masaukin matafiya, da gidan wanka, duk an gina su tare da masallacin, aka kuma tsayar musu da waƙafi mai ciyar da su. Mu a nan attajiri yakan gina masallaci ya shafa masa fenti, ya miƙa makulli, shekara ba ta zagayo ba ana bin sahu da kwano don kuɗin wuta, liman da ladan kuma suna jiran sadakar Juma'a. Wanda ya tashi a gidan liman ya san wannan ba labari ba ne. Da masu halinmu da ke zuwa Santambul sayen kaya za su ba Sulaimaniyya awa biyu su ga yadda aka ɗaure masallaci da abin da zai riƙe shi, da tafiyar ta biya kuɗinta. A bayan masallacin akwai kabarin Sulaimanu da na matarsa, Sinan kuma yana can a wata kusurwa daga waje, cikin ɗan ƙaramin wuri.

In yunwa ta zo, ba sai an koma dandalin baƙi ba. Daura da masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka shahara da abu guda, wake da shinkafa. Farin wake ne manya da aka dafa cikin miyar tumatir da man shanu, a zuba kusa da shinkafa, a kawo burodi. Tsohuwar da ta yi ta ƙorafin abincin jirgin sama, a nan za ta yi shiru. A titi kuma ga simit, wani burodi mai kamar gammo da aka barbaɗe da riɗi, ga shayi a ƴan ƙananan kofunan gilashi, ga burodi da gasasshen kifi a bakin gadar Galata, inda masu fatsa ke jere dare da rana. Naman alade ba a cika samunsa a garin ba, amma giya akwai ta a wurare da yawa, sai a duba kafin a zauna da iyali.

Sufuri ma haka yake, akwai na baƙi akwai na ƴan gari. A sayi katin da ake kira Istanbulkart, a zuba masa kuɗi, shi ne na taragon titi da na jirgin ƙarƙashin ƙasa da na jirgin fito. Taragon titi mai lamba T1 shi ne abokin baƙo: ya ratsa Aksaray da Laleli, ya wuce ta bakin babbar kasuwa, ya bi ta Sultan Ahmad, ya gangara Eminonu, ya haye gada, ya tsaya dab da Galataport, tashar da jiragen shaƙatawa ke tsayawa tun 2021. Wanda ya kama otel a Laleli ko Aksaray, inda ƴan kasuwarmu suka saba sauka, ya sami sauƙin kuɗi fiye da na Sultan Ahmad, kuma layi ɗaya ya haɗa shi da duk abin da yake nema. Da la'asar sakaliya a shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Uskudar. Minti ashirin bai cika ba an bar nahiyar Turai an taka Asiya, da kuɗin da bai kai na kofin shayi a otel ba. Daga wannan gaɓar ne ayarin alhazan Santambul ke kama hanyar Makka a zamanin da, da raƙuma da kyaututtukan sarki ga mutanen Haramaini, tafiyar watanni. Wurin da ƴan rakiya ke juyawa har yau ana kiransa da sunan da ke nufin Famfon Rabuwa, kuma yanzu sunan tashar jirgin ƙasa ne. A tsaya a bakin ruwa har magariba. In ladanai suka ɗauka daga gaɓa biyu, wannan na amsa wa wancan, ga hasumiyoyin tsohon gari sun yi baƙi a jikin jan sama, a nan ne maigida zai san ko kuɗin otel ɗinsa sun faɗi ƙasa banza.

Wuri ɗaya na yarda a buɗe jaka a biya, shi ne Topkapi, fadar da sarakunan Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400. Ba don zinariya da lu'ulu'un da ke ciki ba, ko da yake akwai su har su gundure ka. Akwai wani sashe da ake ajiye abin da suke kira amanoni masu tsarki, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517: akwatin da ke ɗauke da mayafin da aka danganta ga Manzon Allah, da takubban da aka danganta gare shi da halifofinsa, da tsofaffin makullan Ka'aba, ga mai karatun Alƙur'ani a zaune yana yi ba yankewa. Ba duk abin da ke cikin gilashin nan ne ke da isnadin da malamin hadisi zai gamsu da shi ba; akwai har sandar da aka ce ta Annabi Musa ce. Mai hankali ya duba da ladabi, ya bambance wa ƴaƴansa abin da ya tabbata da abin da aka ce. A lura, ranar Talata fadar a rufe take, babbar kasuwa kuma ba ta ci ranar Lahadi. Mutane da yawa sun biya kwanan otel domin wurin da suka tarar da ƙofarsa a garƙame.

A cikin wannan fada ne na tuna da cewa sunan Santambul ba baƙo ba ne a bakinmu. A Agadas ana ba da labari cewa da kabilun Abzin suka kasa daidaitawa a kan shugaba, sai suka tura jakadu wurin Sarkin Santambul, ya ba su ɗansa Yunusa ya zama sarkinsu na farko. Masu binciken tarihi suna ɗaga gira a nan, domin ana sa farkon sarautar Agadas wajen 1405, alhali birnin bai shiga hannun Musulmi ba sai 1453. Amma labarin ya nuna girman da sunan ke da shi a zukatan mutanen Sahara. Wanda ya tabbata a rubuce shi ne na Barno: Mai Idris Alauma ya aika jakadu ga Sarki Muradu na uku a shekarun 1570, kuma amsoshin sarkin suna nan a ajiye cikin takardun daular. Su watanni suka yi suna keta rairayi ta Fezzan da Tarabulus kafin su ga ƙofar da mu muke isa a yini guda.

Ita Aya Sofiya, shawarata a shige ta da alwala. An gama gina ta a matsayin coci a shekara ta 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a watan Yulin 2020. Da yake ba don alƙibla aka aza harsashinta ba, za ka ga mihrabi ya ɗan karkace daga tsakiyar ginin, sahu ma ya bi shi a karkace. Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata a gaya wa tsofaffi tun daga gida: a can alƙibla ba gabas ba ce kamar yadda muka saba, kudu maso gabas take, ta ma fi karkata kudu. Mutanen ƙasar Hanafawa ne. Ba sa ɗaga murya da amin, sukan jinkirta sallar asuba har gari ya fara haske, bayan sallama kuma ladan ne ke jan tasbihi kowa na bi. In wani ya ga ka saki hannu a tsaye ya dube ka, kallon rashin sabo ne kawai. A watan Yuni alfijir yakan keto tun wajen ƙarfe uku da rabi, lisha kuma sai bayan goma da rabi na dare, saboda haka a bar wa jiki barcin rana. Game da ƙasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana cika salla ne in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Mai kwana biyu ko uku yana nan a matsayin matafiyi, sai dai in ya bi liman mazauni ya cika tare da shi.

Akwai dalilin da ya sa na nace a kan masallatai da kiran salla. Galibin jiragen nan ba don mu aka ƙera su ba. Akwai mashaya a kowane hawa, akwai ɗakin caca, akwai wurin wanka a sama inda ake zama da shigar da ba za ka so ƴarka ta gani ba. Ana iya zama lafiya a ciki, a nemi abincin halal tun wajen sayen tikiti ko a tsaya ga kifi da ganye, a yi jam'i a ɗaki, a duba alƙibla da wayar hannu tunda jirgi na juyawa. A ƙarshen 2024 ma Saudiyya ta fito da nata jirgin mai suna Aroya, babu giya babu caca, da wuraren salla a ciki, kuma a lokacin zafinsu na 2025 daga Santambul ya riƙa tashi. Amma a mafi yawansu mako guda za a yi ba a ji ladan ba, in an sauka ma a tsibiran Girka ne, inda ƙararrawar coci ke tashe. Iyalin da suka shiga da kwana biyu na sahu a Ayyub da Sulaimaniyya sun shiga da guzuri. Tunda an ambaci Girka: tsibiran nan suna cikin ƙasashen Shengen, bizar Turkiyya kaɗai ba ta isa ba, a tambayi kamfanin jirgin a rubuce tun kafin a biya ko sisi.

Waɗanda ban ba su shawarar tsayawa ba, na farkonsu shi ne wanda bai sauke farali ba, alhali abin da ya tara ya kusa kai shi Makka. Shi ba kwana biyun kaɗai ba, tafiyar ce gaba ɗaya ya kamata ya sake dubawa, ya tambayi malaminsa. Haka wanda zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara. Sai mai tafiya da tsohon da gwiwa ta gaza. Santambul gari ne na tudu da gangare, titunan tsohon gari duwatsu ne, taragon titi kuma yakan cika har a rasa wurin tsayawa. Irin wannan ya kwana ɗaya a otel kusa da tashar jirgin, ya kai tsoho Ayyub da tasi, ya mayar da shi ya huta, ya wadatar. Kwana na uku kuwa ga mai lafiya, ban hana ba, ban kuma ga tilas ba. Daga nan ne ido ke fara ƙoshi, ƙafa ta gaji, yara su fara rigima, sai a sami kai a kasuwa.

Kasuwar ita ce ramin da kuɗin mutanenmu suka fi faɗawa, ba ƙofar gidan tarihi ba. Babbar kasuwa mai rufi tana da shaguna wajen 4,000, a Laleli kuma ga dilolin abaya da mayafai da takalma da kayan yara, ga masu aika kaya Afirka suna kiranka da Faransanci. Uwargida da ta zo da jerin saƙon dangi ba za ta ga wannan ta wuce ba, kuma ba laifinta ba ne. Amma ɗakin jirgin ruwa ƙarami ne, akwati biyu sun cika shi. In jirgin Santambul zai dawo da ku, a bar sayayya sai an dawo, sa'ad da aka san abin da ya rage a jaka. In kuwa a wani gari zai ajiye ku, a yanka wa kasuwa awa biyu da adadin kuɗi sananne tun daga otel, a bar sauran a wurin maigida.

Ranar shiga jirgi ba a shirya wani yawo. A yi asuba a masallacin unguwa, a karya, a haɗa kaya, a ware fasfo da takardun jirgi da maganin tsofaffi a jakar hannu, domin manyan akwatuna ana karɓarsu a ƙofa, ba sa isowa ɗaki sai bayan awanni. A Galataport wurin duba takardu a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an gama a hau zuwa jirgi. A isa a farkon lokacin da aka rubuta, a yi azahar a masallacin Kilic Ali Pasha da ke nan Tophane dab da tashar, wanda shi ma Sinan ne ya gina wa wani babban kwamandan jiragen ruwan daular wajen 1580. In jirgi ya ɗaga da yamma ya nufi tekun Marmara, a hau sama a tsaya ta hannun dama: Topkapi ce za ta fara wucewa, sai Aya Sofiya, sai Sultan Ahmad da hasumiyoyinsa shida, yara suna nunawa suna faɗin sunan kowanne.